Idan lilo ya tsaya a sama, wa ke da ikon tayar da shi?

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin majajjawa, wato jirgin nan mai bin dogo yana hawa yana gangara a wuraren wasa, ya san ƙarar farko: ƙas, ƙas, ƙas, lokacin da sarƙa ke jan taragai zuwa ƙololuwa. A nan surutu ke ɗaukewa, wanda ya gama cika baki a ƙasa ya koma addu'a a zuci. Da yawa sun ɗauka kukan sarƙa ne, alhali wani ɗan harshen ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago yake bin haƙoran da aka jera a jikin dogo, ya faɗa wannan ya fita, ya faɗa na gaba. Da sarƙa za ta tsinke ko wuta ta ɗauke, harshen zai cije a haƙorin da ya tarar, jirgin ya tsaya cak, ba zai gangaro da baya ba. Ƙarar da ta fi kaɗa hantar mahayi ita ce shaidar cewa ana riƙe da shi.

Sana'ar kenan a dunƙule. Wurin wasa tsoro yake sayarwa, amma tsoron da aka zare wa dafi. Mutum ya biya kuɗinsa don jikinsa ya gaskata cewa halaka ta zo, bayan minti biyu kuma a sauke shi yana dariya, ƙafafu na rawa. Tsohuwar sana'a ce: wurin wasan Bakken da ke kusa da Kofanhegan a Denmak tun 1583 yake karɓar baƙi. Sai dai gudun ya canja ƙwarai. Jirgin da LaMarcus Thompson ya kafa a Coney Island ta Amurka a 1884 bai wuce kimanin kilomita 10 a awa ba, mai keke ma zai bar shi a baya. Wanda aka buɗe a Abu Dabi a 2010, Formula Rossa, yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an sa wa mahaya tabarau saboda ƙwayar yashi ko ƙwaro a wannan gudun ba abin wasa ba ne.

Yawancin waɗannan jiragen ba su da inji a jikinsu. Tudun farko shi ne jarinsu gaba ɗaya: abin da aka tara wajen hawa shi ake kashewa har ƙarshen tafiya, shi ya sa a irin masu sarƙa ba za ka ga tudu na biyu ya kai na farko ba. Abin da ke hana tarago barin dogo kuwa tayoyi ne kashi uku. Wasu na bisa dogo suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna hana kaucewa, wasu a ƙarƙashi sun rungumo dogon ta ƙasa. Waɗannan na ƙasan, John Miller ne ya yi musu rajista a 1919, kuma su suka ba maƙera damar yin gangarar da ke ɗaga mutum daga kujerarsa ba tare da jirgin ya tashi da shi ba. Hatta zoben da jirgi ke kifewa a cikinsa, ka lura da kyau, ba da'ira ce cikakkiya ba, ya fi kama da ɗigon hawaye a juye. Na farkon da aka gwada a ƙarni na 19 da'ira ne sak, suka riƙa murɗe wa mutane wuya, aka watsar da su. Sai a 1976, da lissafin injiniya Werner Stengel na Jamus, zoben ya dawo da siffar da jiki zai iya ɗauka.

Amma ƙashin bayan tsaron yana wurin da ido ba ya kaiwa. Dogon an kasa shi gida-gida, kuma doka ɗaya ce tak: jirgi biyu ba sa zama gida ɗaya. A bakin kowane gida akwai wurin da za a iya tsayar da jirgi, ko birki ko kan sarƙa, akwai kuma sensa da ke gaya wa kwamfuta cewa jirgi ya shiga, jirgi ya fita. Muddin na gaba bai bar gidansa ba, na baya ba zai samu hanya ba. Birkin ma a rufe yake zama, sai an turo masa iska ko wuta yake buɗewa, saboda haka ɗaukewar wuta kamawa take sa shi. Sababbin jirage kuma suna rage gudu da maganaɗisu, wanda ba ya buƙatar wuta kwata-kwata.

To, duk lokacin da ka ga bidiyon mutane sun maƙale a sama, ana ta yaɗawa ana cewa lilo ya lalace, galibi abin da kake kallo shi ne na'ura ta ji abin da bai kwanta mata ba ta ƙi tafiya. Zama a rana na minti arba'in ba daɗi, babu musu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai zo ya ce mata ci gaba, kuma me ya duba kafin ya faɗa.

Ranar 2 ga Yunin 2015, a wurin wasan Alton Towers da ke Ingila, an saki tarago babu kowa a ciki don gwaji a kan jirgin da ake kira Smiler. Ana iska mai ƙarfi, taragon ya kasa haye wani lanƙwasa, ya dawo ya tsaya a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta yi abin da aka gina ta don shi: ta riƙe tarago na gaba, mai ɗauke da mutum 16, a kan tudu. Injiniyoyin da suka zo ba su san an ƙara tarago na biyar a kan dogon ba. Suka ƙirga huɗu, suka ga lissafi ya cika, suka ɗauka na'urar ce ke ruɗewa, suka ƙetare umarninta da hannu. Taragon mutane ya gangaro ya daki wanda ke tsaye. 'Yan mata biyu sai da aka yanke wa kowaccensu ƙafa ɗaya. A Satumban 2016 kotu ta ci kamfanin Merlin, mai wurin wasan, tarar fam miliyan 5, kuma alƙalin bai yarda a jingina abin ga kuskuren ma'aikaci kawai ba, ya ɗora shi kan rashin tsarin da zai faɗa wa injiniya abin da zai tabbatar kafin ya taɓa wannan makunnin.

Wannan hukuncin ya burge ni, domin ya ƙi bin hanya mai sauƙi. Abu mafi arha bayan kowane hatsari shi ne a nemo ƙaramin ma'aikaci a rataya masa jakar tsaba. Amma me ke sa hannu ya yi gaggawa? Layi. Mu ɗauki misali: jirgi mai kujera 24 da ake saki duk bayan daƙiƙa 90 zai ɗauki mutum 960 a awa. A ƙara daƙiƙa 30 kacal a kowane saki, saboda wani ya tsaya neman inda zai ajiye jaka ko ana sake duba ƙarfen wani, sai adadin ya faɗo 720. Mutum 240 kenan suka ƙaru a layi cikin zafin rana suna huci a kowace awa. Manaja yana ganin wannan lissafin a allonsa, ma'aikaci kuma yana ganinsa a fuskokin da suka zuba masa ido. Babu wanda zai ce masa ka yi ganganci. Ba sai an faɗa ba.

Bayan wata 16 da hatsarin Smiler, a wurin wasan Dreamworld na Ostareliya, aka ga irin wannan da wata fuskar. Wasan kwale-kwale ne a kogin da aka gina, irin wanda ake shiga da yara. Ranar 25 ga Oktoban 2016 ɗaya daga cikin manyan famfunan ruwa ya mutu, bayan ya riga ya mutu sau biyu a ranar an tayar da shi. Ruwa ya ja baya, wani kwale-kwale ya sarƙe a bakin bel ɗin da ke jawo su, na bayansa ya zo ya hau shi ya kife. Mutum huɗu suka rasu. Bincike ya nuna babu na'urar da za ta tsayar da bel da kanta idan ruwa ya yi ƙasa, kuma matashiyar da ke wurin sauke mutane a safiyar ranar aka koya mata aikin wannan gurbin. An ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan 3.6 a 2020. Famfon da ya mutu sau biyu ya yi iya gargaɗin da ƙarfe zai iya yi.

Na birnin Orlando da ke jihar Fulorida ta Amurka a Maris ɗin 2022 ya fi tayar da hankali. Hasumiya ce mai tsayin kusan mita 130 da ke ɗaga mutane ta sake su. Kowace kujera tana da sensa da ba ta barin injin ya tashi sai ƙarfen kafaɗa ya sauko ya kulle daidai. Masu bincike suka gano an taɓa sensar kujeru biyu da hannu, aka matsar da ita don ta yarda da ƙarfen da bai sauko sosai ba, ta yadda masu jiki za su samu shiga. Yaro ɗan shekara 14, wanda nauyinsa ya wuce abin da littafin maƙera ya yarda, ya zame ta wannan giɓin. Fitila ta nuna komai lafiya, domin an koya mata ƙarya.

Shi ya sa nake tausaya wa yarinyar da ke tsaye da sandar awo a bakin layi. Uba ya zo da ɗansa, sun yi awa guda suna jira, kan yaron ya gaza alamar da ɗan yatsa biyu.

"Haba 'yata, wannan ɗan abin? Ai ina kusa da shi, zan riƙe shi."

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ba zai yiwu ba."

Yaro ya fashe da kuka, na baya suna tsaki, uban yana neman manaja. Abin da ba ta da lokacin bayyanawa shi ne ƙarfen cinya an auna shi ne da tsawon ƙafa da faɗin ƙugu, kuma a ƙasan gangara nauyin jiki kan ninka sau uku ko huɗu, a saman tudu kuma jiki ya nemi tashi sama. Babu hannun uban da zai riƙe yaro a wannan halin. Darajar wurin wasa, a ganina, tana ga abin da manajan zai yi idan ya iso: ya tsaya bayan yarinyar, ko ya kashe mata ido ya ce bar su su wuce.

Sai maganar ado, wato yadda ake tufatar da wuri ya zama wata duniya. Walt Disney ne ya mayar da shi ilimi lokacin da ya buɗe Disneyland a Kalifoniya ranar 17 ga Yulin 1955. Ya kewaye wurin da tudun ƙasa don kada wanda ke ciki ya hango titi da motoci. Gine-ginen babban titin wurin, benen sama ya fi na ƙasa ƙanƙanta, tagogi na raguwa yayin da ake hawa, sai ido ya ɗauka gini ya fi yadda yake tsawo. Fadar da ke tsakiya, wadda a hoto take kamar za ta taɓo gajimare, mita 23 ce kawai. Da aka zo gina na Fulorida, wanda aka buɗe a 1971, sai aka fara da hanyoyin ma'aikata da na kwashe shara, aka ɗora wurin wasan a kansu, har baƙo na yawo a bene bai sani ba. Akwai ma wani koren fenti maras armashi da suke shafa wa ƙofofi da akwatunan wuta don ido ya zame ya wuce.

Wasu na ganin ado almubazzaranci ne, a ba su gudu kawai. Ban yarda ba. Jirgin da ya fi kowa tsawo bana, wani zai fi shi baɗi. Kingda Ka na jihar New Jersey, mai mita 139, ya riƙe kambun tsawo tun 2005, amma aka rufe shi a 2024 aka rushe. Labari mai kyau kuwa ba ya tsufa da wuri, kuma kaka da jika duk suna iya shiga. Ban da haka, ado ne ke sa a iya jure layi. Mutumin da zai hau na minti biyu ya jira na minti casa'in, rabin abin da ya saya layin ne. Idan aka nannaɗe layin cikin ɗakuna, kowanne da abin kallo, ba ya ganin tsawonsa, ba ya huci, kuma ma'aikacin da ke gaba ya samu sararin duba kowane ƙarfe a natse. Ta nan ado ke yi wa tsaro hidima ba tare da an lura ba.

Ta wani gefen kuma yana iya cin amanarsa, domin aikin ado ɓoyewa ne, aikin tsaro kuma nunawa. Mai ado yana son duhu, hanya mai ruɗarwa, bango na soso da katako, ƙofar da ba a gane ƙofa ce ba. Mai kashe gobara yana son kishiyar duk wannan. Ranar 11 ga Mayun 1984 wuta ta tashi a gidan ban tsoro na wurin wasan Six Flags Great Adventure da ke New Jersey, wanda aka haɗa da bayan tireloli, babu na'urar yayyafa ruwa, babu mai jin hayaƙi. Matasa takwas suka mutu. Shekara biyar kafin nan mutum bakwai sun mutu a gobarar jirgin fatalwa na Luna Park a Sidni ta Ostareliya. A wurin da ihu da hayaƙi suke cikin wasan, wa zai gane cewa wannan ihun na gaske ne? Duk mai adon da ya ji haushin koriyar fitilar nan ta hanyar fita don ta ɓata masa duhu, sai a karanta masa waɗannan biyun.

Tsaron ƙofa dabam ne, kuma shi baƙo ya fi gani. A Disambar 2015 manyan wuraren wasa na Orlando suka sa na'urorin gano ƙarfe a mashigarsu. Dalilin a fili yake: taron iyalai da yara, hankali kwance. Harin da aka kai wurin shaƙatawa na Gulshan-e-Iqbal a Lahore ta Pakistan ranar 27 ga Maris 2016, kusa da lilon yara, ya kashe fiye da mutum 70. Sai dai binciken ƙofa yana da nasa aibin da ba a cika faɗa ba: idan ya yi jinkiri, sai ya tara dubban mutane a waje, cunkushe, a daidai inda ba a binciki kowa ba. An kare na ciki, an jera na waje. Na'urorin da mutum ke ratsawa da jakarsa ba tare da ya tsaya ba sun rage wannan, kuma a nan kuɗin da aka kashe ya biya.

Abin da ya fi yawan jikkata mutane kuwa ba ɗan ta'adda ba ne, wayar aljihu ce da makullai. Waya da ta kuɓuce a gudun kilomita 100 dutse ce. Shi ya sa wasu wuraren suka sa na'urar gano ƙarfe a bakin layin jirgin kansa, da akwatin ajiya kyauta. Mafi muni shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar wayar. A 2015 wani mutum ya tsallaka shinge a Cedar Point ta jihar Ohio don ɗauko abin da ya faɗo masa, jirgi ya buge shi ya mutu. Shinge da allon gargaɗi suna nan. Abin da zai fi hana irin wannan shi ne baƙo ya tabbata cewa idan ya kai rahoto za a ɗauko masa kayansa da yamma, ba a ce masa ya cika takarda ya dangana ba. Sai kuma rigimar matasa, wadda ta sa Knott's Berry Farm ta Kalifoniya ta kafa dokar zuwa da babba a 2022 bayan faɗan da ya sa aka rufe wurin da wuri. Karɓar hoton yatsa ko na fuska a ƙofa kuwa, yawanci don hana aron tikiti ake yi, kuma bai kamata a saka masa rigar tsaro ba.

Wa ke duba masu wurin? A nan duniya ta rarrabu. Akwai ƙa'idojin ƙira da aka yarda da su, na ASTM a Amurka da EN 13814 a Turai, amma ƙa'ida a takarda ba ta ɗaure noti. A Jamus masu duba na waje irin TÜV ne ke sa hannu. A Amurka tun 1981 hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi ba ta da iko kan wasannin da aka kafa dindindin, sai masu yawo gari-gari, sauran an bar wa jihohi, wata ta tsananta wata ta sassauta. Ƙungiyar masu wuraren wasa, IAAPA, tana cewa yiwuwar mummunan rauni ɗaya ne cikin hawa miliyan 15.5 a kafaffun wuraren Amurka. Na yarda hawan ya fi tafiyar motar da ta kai ka wurin aminci nesa ba kusa ba. Amma adadin daga rahoton masu sana'ar ya fito, kuma wanda ke sayar da kaya ba shi ya kamata ya riƙe ma'auni shi kaɗai ba.

Duban ma iri-iri ne. A bikin baje kolin jihar Ohio na Yulin 2017, wani lilo mai suna Fire Ball ya karye yana cikin juyi, matashi ɗaya ya mutu, bakwai suka jikkata, alhali an duba shi an sa hannu. Tsatsa ce ta cinye hannun ƙarfen daga ciki, a lilon da ya shekara 18 ana kwancewa ana ɗaurawa, fenti kuma a waje sumul. Irin wannan sai na'urar da ke auna kaurin ƙarfe da sauti, ido ba ya gani.

Da za a ba ni zaɓin gyara ɗaya, makullin ƙetare kwamfuta zan fara kamawa: kada mutum ɗaya ya iya murɗa shi, kada a murɗa da mutane a kan jirgi sai wani ya je da ƙafarsa ya ga dogon, kuma kowane murɗi ya shiga rajistar da mai duba na waje zai karanta. Na biyu, matsalar da ta maimaitu a rana ɗaya ta rufe wasan sai gobe, ba tare da an jira ra'ayin manaja ba. Ma'aikacin da ya danna jan maɓalli a kan zato, ya zama babu komai, kada a ko harare shi, domin wanda aka yi wa faɗa sau ɗaya zai tsaya tunani a karo na biyu, kuma daƙiƙun tunanin nan su ne duka abin da ake da shi. Kujerar gwaji a bakin layi tana raba mai jiki da kunyar a sauke shi a gaban jama'a, tana kuma raba ma'aikaci da jarabar danna masa ƙarfe da ƙarfi don a wuce wurin. Layin waya, inda ake ba ka lokacin dawowa, ya taimaka tun da Disney ta fara irinsa da takarda a 1999, amma da aka mayar da shi na kuɗi sai ya zama layin mai hali yana gudu ne da lokacin marar hali. Inuwa da ruwan sha a layi kuwa ba sa fitowa a talla, shi ya sa ake barinsu ƙarshe.

Sannan a buɗe wa baƙo hanyar magana, a kuma ji shi. A ƙarshen Yunin 2023 wani uba da ya kai yara wurin wasan Carowinds, a iyakar Karolina ta Arewa da ta Kudu, ya ɗaga kai ya ga ginshiƙin jirgin Fury 325, mai tsayin mita 99, ya tsage gaba ɗaya a sama, yana buɗewa yana komawa duk lokacin da jirgi cike da mutane ya wuce. Ya ɗauka a waya ya kai rahoto, aka rufe jirgin, ba wanda ya ji ciwo. Daga baya hukumar jihar ta ce hotunan da aka ɗauka kwanaki kafin nan sun nuna tsagar tun tana ƙarama. An canja ginshiƙin, aka sake buɗewa a watan Agusta, kuma wurin ya ƙara jirage marasa matuƙa cikin kayan dubansa don leƙa inda mai tsani ba ya kaiwa.